Shekarar da na tsare bakin rijiya

Ba don jin daɗin baki na sa Malam Sani ya ɗauko tawada da alƙalami ya zauna gabana ba. Gajiya na yi. Ranar sunan ɗiyar jikata Dije ina zaune a bakin ɗaki na miƙa hannu a ba ni jaririyar, sai na ji wata daga cikin matan gidan nan, ba zan kama suna ba, ta rage murya ta ce a dai tallafa mata, an san hannun tsohuwa. Ta ɗauka kunnena ya zube tare da haƙorana. Ba tsufa take nufi ba, ku ma kun sani. Zancen rijiya take yi, abin da ya faru tun uwarta ba ta san za a haife ta ba. An gaya muku sakacina ne ya kashe wa ubanku hannun dama, kun girma da wannan, kun kuma yi mini kara ba ku taɓa tambayata ba. To yau zan faɗa, tunda mutum biyun da na yi shiru dominsu duk ƙasa ta rufe musu ido. Kai Sani, rubuta yadda na faɗa, kada ka gyara mini magana da malantarka.

Daga Tsiga aka kawo ni ƙauyen nan na gefen Ƙarfi. Ubanku manomi ne da damina, da rani kuma maginin rijiya, sana'ar da ya gada. Shi kaɗai ne namiji wajen uwarsa, ya zo bayan mata a jere, shi ya sa take ce masa Tanko. Mu duka Inna muke kiranta. Mace ce mai baki, mai kyauta, mai son ɗanta har abin ya zama ciwo. Duk ranar da ya fito daga rami sai ta shafa kansa da hannu biyu tana neman ƙulu, shi kuwa ga gemu a fuska yana sunkuya mata. Ni ba ta ƙi ni ba a lokacin. 'Yar Tsiga take ce mini, in ta ji daɗin miyata ta faɗa, in ba ta ji ba maƙwabta su ji.

A wannan sana'a mai shiga rami ba shi kaɗai yake aiki ba. Akwai masu jan igiya, su fito da kwandon ƙasa su mayar. Akwai kuma mai tsaron baki, wanda ba ya taɓa igiya ko dagi, aikinsa kawai kada wani abu ya faɗa. Wannan ba a ba bare. Mati ɗan baffansa ne ke yi masa tun suna samari. A shekarar da nake ba ku labari Mati ya bi fatake Gwanja neman goro, damina kuma ta ɗauke ƙafa tun dawa ba ta gama ido ba. Kafin a gama tsinkar auduga rafi ya zama yashi, tsohuwar rijiyar gari sai laka take bayarwa. Mata mu fita da tuluna tun sanyin safe mu dawo rana ta take, da ruwan da jaki ma sai ya yi shawara kafin ya sha. Mai gari ya zo da kansa har zaure ya roƙi ubanku ya haƙa sabuwa a kwarin tsamiya, ya amsa.

Da ramin ya wuce tsayin mutum biyu sai ya ce ba zai ƙara shiga ba sai da mai tsaro. Mai gari ya kawo masa samari, ya duba su ya ce a'a. Ya dawo gida muna sussukar gero ni da Inna, ya tsaya a kanmu.

“Ladi za ta tsare mani baki,” in ji shi.

Inna ta ajiye taɓarya. “Wace Ladi? Maza sun ƙare a garin nan ne? Mace a bakin rami tana korar mutane, mi za a ce da gidanmu?”

“Inna, samarin can da an buga kalangu sun waiwaya. Ina son wanda in na mutu shi aka yi wa hasara.”

“To ni mi nike? Ba ni na haihe ka ba?”

“Ke in kin leƙa kin gan ni can ƙasa, kuka za ki yi, hawayenki su cika mani rami.”

Ta yi dariya ba don ta so ba, ta ce ita dai ta faɗa, ranar da abu ya faru kada a ce ba ta faɗa ba.

Ni kaina ban ɗauki aikin da girma ba. Na ce masa ai ba dutsen niƙa zan bari ya gangara ba, ina da ido. Bai amsa mini ba sai da ramin ya yi zurfi sosai, wata safiya kafin masu igiya su zo. Ya kifa tsohuwar ƙwarya a ƙasa, ya ɗauki tsakuwa da ba ta fi ƙwallon goruba ba, ya sake ta daga tsayin ƙirjinsa. Ta ce ƙwas, ta yi tsalle gefe, ƙwarya lafiya lau. Ya sa ƙwaryar a kwando ya zura ta har gindin ramin, ya miƙo mini tsakuwar.

“Kada ki jefa. Buɗe yatsu kawai.”

Na buɗe. Sai da na ja numfashi na sauke kafin ƙarar ta taso, ita ma ba irin ta farko ba. Da ya jawo kwandon, ƙwarya ta huje, ta tsage har baki. Na tsaya ina juya tsakuwar a tafin hannu. Ita ce dai, ba ta ƙara nauyi ba.

“Ba nauyinta ba ne,” ya ce. “Tahiyar ce. Abin da ke faɗuwa ba ya tsayawa kan gudu ɗaya, kowane gaba ya wuce sai ya ƙara sauri a kan na baya, ba ya zubar da ko kaɗan. Duk abin da ya tara a hanya, a kan abin da ya tarar zai sauke shi lokaci guda. Kwandon ƙasan nan ya kai nauyinki, amma in an sauko da shi a hankali da igiya, a kaina nike tarbe shi. Wannan 'yar kuwa, in ta same ni a tsakar ka, sai dai ku yi mani wanka.”

Ya nuna mini ƙoƙon da yake kifawa a kai, da gammon tsumma a ciki. Ya ce ƙoƙon ya karkatar da abu, tsumman ya sha bugun a hankali maimakon ƙashi ya sha shi farat ɗaya, amma kai kaɗai suke rufewa. Ya ce a can ƙasa faɗin wurin bai fi ya miƙe hannu ba, ko ya ji abu na tahowa babu inda zai kauce. Tun daga ranar na cire awarwarona da duwatsun wuyana na bar su a ɗaki.

Wannan rani ban san daɗinsa ba. Kullum in share kewayen ramin da tsintsiya har sai babu ko ƙwayar tsakuwa, in ja layi a ƙasa da sanda, in tsaya. Yara su zo leƙe in kore su. Awaki su zo in kore su. Mata masu tulu a ka su biyo don su ji ko an kusa, in ce su tsaya bayan layi, su ce wai na zama hakimar rami. Na taɓa sheme bunsurun mai gari da sanda har ya kwana biyu yana ɗingishi, ban kuwa ba da haƙuri ba. Na san ina da zafi, amma zafin nan ne aka ɗauke ni aiki dominsa. Rana ta dafa ni, idona ya yi ja don kallo, in koma gida ga daka ga ku kuna kuka a wajen Inna. Ramin kuwa ya ƙi ƙarewa. An wuce jar ƙasa, an shiga marmara inda dagi ke tartsatsi, an wuce ta, ƙasa a bushe. Ya yi zurfin da ubanku ya ce bai taɓa kaiwa ba. In na leƙa ba na ganin komai sai farin ƙoƙon nan yana motsi, muryarsa ma sai ta iso kamar daga cikin tulu. Duk gaban da aka ƙara, mutanen gari murna suke an kusa ruwa, ni kuwa sai in ƙara share bakin ramin, don na san abin da zurfi ke yi wa tsakuwa.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne. Muryarsa ta taso, ya ce laima, can kuma ya ce ruwa. Masu igiya suka yi kabbara. Ban san yadda labari ya shiga gari da sauri haka ba, sai ga mutane a guje, maza da mata, masu tulu da marasa tulu, mutanen da ƙishi ya gasa wata da watanni. Layina ya tafi a ƙarƙashin ƙafafu. Na gitta sanda a ƙirjinsu ta gefen gari, na ba ramin baya, ina turawa ina zagi, ban bar babba ba ban bar yaro ba. Na kuwa tsare su. Wannan ku riƙe shi da kyau, ko mutum ɗaya daga cikin taron nan bai kai bakin ramin ba.

Da na waiwaya ne na ga Inna. Ba ta biyo taro ba, ta zagayo ta bayan tsamiya inda babu kowa, ta durƙusa a ɗaya gefen a natse, bakinta na motsi da addu'a. Ta kwance haɓar zanenta ta fito da guntun kanwa ungurnu, mai taurin nan, bai kai dunƙulen hannu ba. A garinsu haka ake yi, ruwan fari na sabuwar rijiya a sa masa kanwa don ya yi daɗi ya zauna, kuma ba a faɗa wa kowa, in an faɗa albarkar ta tashi. Ba ta jefa ba. Wallahi ba ta jefa ba. Ta miƙa hannu a hankali kamar mai ba jariri abu, ta buɗe yatsu. Na ƙwala mata kira, guɗa ta haɗiye muryata, kuma ko ta ji an riga an gama. Ta miƙe ta kakkaɓe gwiwa, fuskarta fes, ta nufi wajen mata. Ni kaɗai na tsaya ina jiran ƙarar, don ni kaɗai na san tana tafe.

Ubanku ya sunkuya ne yana ɗibar ruwan da tafin hannu, ƙoƙon ya zame gaba. Kanwar ta same shi a bayan kafaɗar dama, inda ta haɗu da wuya. Ɗaya daga masu igiya ya sauka ya ɗaure shi aka jawo shi, jikinsa duk laka, hannun na reto, na hagun kuma a dunƙule ya ƙi buɗewa. Aka yi ta tambaya me ya faɗa. Wani ya ce dutse ne daga baki. Ban ga wanda ya fara juyowa ba, na dai ga duk idanu a kaina. Inna ta faɗi a kansa tana kururuwa, ta ɗago ta nuna ni.

“Na faɗa! Ban faɗa ba? Aiki ɗaya aka ba ki, 'yar Tsiga, aiki ɗaya!”

Kada ku ce ta san abin da ta yi ta ɗora mini. Na zauna da matar nan shekaru bayan haka, na juya abin ta kowace fuska, ba ta sani ba. A saninta kanwa ce da ta kwana a haɓar zane, irin wadda take cilla wa maƙwabciya ta kan danga a cafe da hannu ɗaya. A ruwa ta sa ta, da bisimilla. Maɗorin da aka kira ma da ya taɓa ƙashin cewa ya yi wannan ɓarna sai dutse mai girman kan mutum, kowa ya gyaɗa kai. Duk garin da nauyi suke auna abu. Da aka nemi dutsen ba a gani ba sai aka ce ya nutse a laka.

Sai da aka kwana biyu muka samu kanmu mu kaɗai, da la'asar, Inna ta tafi karɓo masa rubutu. Ya zaro kanwar daga ƙarƙashin tabarma, ashe ita ya dunƙule a hannun hagu, ruwa ya ɗan lashe gefenta.

“Kin gani, Ladi?”

“Na gani.”

“Wa kuma ya gani?”

“Babu.”

Ya rufe ido. “Na san ta. A tukunyar Inna take tun bara, tana ɓoyon ta. In ta san ita ce, ba ta kai damina. Ko ba ta mutu ba, kin san garin nan. Tsohuwa ta durƙusa a ɓoye tana motsa baki, ɗanta ya karye. Kin san sunan da za su ba ta.”

“Ni fa? Ka ji sunan da suka ba ni?”

“Ke kina da ƙarhi.”

Ban taɓa jin yabon da ya ƙona ni kamar wannan ba. Na so in ce masa ƙarfin nawa na tsaron ransa ne, ba na ɗaukar laifin uwarsa ba. Amma na dube shi kwance, fuska ta zabge, mutumin da ya zaɓe ni a kan mazan gari, yana roƙona da ido. Na kuma san gaskiya ya faɗa, maita za su ce, kuma wanda aka kira da wannan suna har jikokinsa ba a aura. Ku ne jikokin. Na karɓi kanwar na jiƙa wa awaki, suka shanye. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma wanda ya fara faɗar haka bai gaya wa mutane yadda abin ke ci ba.

Ƙashin ya haɗu a karkace, hannun ya shanye ya zama kamar na yaro. Bai ƙara shiga rami ba. Ya koma noma da hannu ɗaya, abin da ya gagare shi na ɗauki fartanya na yi. Rijiyar ta zauna, ruwanta garai, har yau ita kuke sha. Kullum in je ɗiba mata su yi shiru, wata ta janye ɗanta daga kusa da ni. Aka daina kirana ɗaukar jeren amarya, wai kada tukwane su fashe. Babana ya zo daga Tsiga ya ce in an gaji da ni in zo mu tafi, na ce masa lafiya nake. Inna kuwa ba ta kore ni ba, ba ta kuma bari na manta ba. In ya kasa ɗaura igiyar jaki sai ta yi tsaki ta dube ni. In ɗayanku ya tambaya me ya sami hannun Baba, sai ta ce ku tambayi uwarku. Sau da yawa maganar ta zo mini har haƙori, sai in ga ubanku ya ɗago kai yana kallona, in haɗiye. Na so shi, ina kuma jin haushinsa, duka biyun a tukunya ɗaya, don ya saya wa uwarsa kwanciyar rai da sunana. Ana cewa mahaƙurci mawadaci. Ni dai na yi haƙurin, wadatar ban san gidan wa aka kai ta ba.

Shi ya riga ta tafiya, zazzaɓi na kwana kaɗan. Na ɗauka ranar zan sauke, tunda mai alkawarin ya tafi. Sai na ga tsohuwa ta zauna a ƙofar ɗakinsa ta daina ci, ta rungume tsohon ƙoƙonsa, na ce wannan me zan gaya mata kuma. 'Ya'yanta mata suna gidajen aurensu a nesa. Ni na yi jinyarta har ƙafafunta suka mutu, in ɗaga ta, in wanke ta, in dama mata kunu in ba ta a baki. Ba don ni waliyyiya ba ce, babu wani mai yi ne. Ina kuma gargaɗinku, kada wanda ya ji wannan ya rage mata addu'a. Kakarku ce, ta goye ku duka, kuma ba ta taɓa nufin ɗanta da komai ba sai alheri.

Ranar da za ta cika, da safe, ɗakin cike da matan unguwa, ta sa aka kira ni daga madafa. Muryarta ta zama siririya.

“'Yar Tsiga, matso.”

Na durƙusa, ta lalubo hannuna.

“Kin yi mani abin da ɗiyan cikina ba su yi ba. Ba ni son in tahi da ke a zuciya. Zancen hannun Tanko, na daɗe ina riƙe da shi. Na yahe maki, duniya da lahira.”

Matan suka ɗauki salati, wata tana share hawaye. Wata ta zungure ni ta ce in yi godiya mana. Na dubi fuskar Inna, ta yi sauƙi, irin ta wanda ya sauke kaya bayan doguwar tafiya, tana jiran amsata.

“Na gode, Inna,” na ce. “Allah shi yahe mana baki ɗaya.”

Kafin azahar ta cika. A zaman makoki ba a yi zancen komai ba sai girman zuciyarta, yadda ta yafe wa matar da ta kashe wa ɗanta hannu. Ina bayan ɗaki ina dakan gumbar sadaka, ina jin su.